A Kewaye Makewayi Kafin A Shimfiɗa Tabarma

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata, da sunan kwamitin jin daɗin jama'a.)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Jama'a, maganar da aka ɗora mana mu yi yau magana ce mai nauyi a baki. Maganar bayan gida ce. Mun ga wasu har sun sunkuyar da kai, wasu kuma suna murmushi. To a yi mana haƙuri. Mu ba malamai ba ne, ba kuma injiniyoyi ba, 'yan kasuwa ne, amma kwamiti ya zagaya unguwanni ya ga abin da ya gani, kuma abin da ido ya gani dole baki ya faɗa.

Kowa a nan ya san yadda Abuja take. Tun da Janar Murtala ya yi shelar sabon babban birni a watan Fabrairu na 1976, har Janar Babangida ya tare ran 12 ga Disamba 1991, har zuwa yau ɗin nan, garin bai daina ginuwa ba. Ko ina ka duba akwai ginin da aka fara ba a gama ba. Wani mai shi kuɗi sun yanke masa, wani ya rasu magada na shari'a, wani kuma sata yake tsoro, shi ya sa ya hana a sa ƙofa da taga sai ranar da zai tare. Cikin irin waɗannan kangaye 'yan'uwanmu da yawa suke zaune: masu gadi da iyalansu, 'yan ga-ruwa, masu shayi, leburori, yaran shago. Akwai kuma namu na kanmu waɗanda suka sayi fili a Gwagwa ko Jiwa ko Dei-Dei ko Zuba, kuɗin haya na shekara ya ishe su, suka rufa ɗaki biyu suka tare, sauran gini sai yadda hali ya yi. Ba mu ga laifin kowa ba. Bayan rusau ɗin zamanin Malam Nasiru el-Rufa'i, tsakanin 2003 da 2007, wanda ya taɓa Karmo da Idu da wasu wurare, mutane da yawa duk inda suka sami inuwa nan suka fake.

Wani abu kuma da ya bambanta nan da Kano ko Katsina shi ne tudu da gangare. A Asokoro da Guzape da Katampe da Mpape, fili ɗaya sai ka ga gabansa ya yi daidai da titi, bayansa ya zurma. Sai magini ya yi ɗaki a ƙarƙashi ya cike gangaren, sannan ya ɗora gida a kai. Wannan ɗakin na ƙasa shi ake fara gamawa, shi ne kuma ake ba mai gadi. Masu aikin famfo kan binne bututu tun kafin a zuba daɓe, saboda haka wani lokaci mai gini kan sa a dasa masai guda ɗaya a nan ƙasa don ma'aikata. Ga masai nan a kusurwa, babu bango, babu ƙofa, domin bangon tsakiya da ƙofofi su ne aikin ƙarshe. Sai ka shiga ka tarar da falo faɗi guda: nan tabarma, nan murhu, can kuma abin da kunya ta hana mu ambata, an rataya tsohon zane ko buhun siminti a igiya, iska na kaɗa shi.

Idan ka yi wa mai gidan magana, amsarsa guda ce: ai zaman na wucin gadi ne. To jama'a, mun san wanda ya shiga kango da amarya, yanzu 'yarsa ta fari ta yi saukar Alƙur'ani, yana nan a wucin gadin. Gini ne da aka ce za a dawo a ci gaba da shi bayan damina, an yi damina goma sha.

Mu duba gidan da muka taso a cikinsa. Bahaushe ko talaka ne futuk, idan zai yi gida sai ya yi zaure, daga zaure a karya kwana, wani har da shigifa, kafin a kai tsakar gida. Wanda ke tsaye a ƙofar gida ba ya hango matan gida. Shi kuwa wurin biyan buƙata can ƙurya ake kai shi, a ja masa katanga ko a kafa zana. Sunansa ma ya faɗi yadda yake: bayan gida, makewayi, wato wurin da sai an kewaya ake isa. Mace ba ta cewa komai sai "zan kewaya", kowa ya gane. Kakanninmu ba su da siminti ba su da bututu, amma ba su taɓa zama a gidan da makewayinsa ke buɗe ba. Yaya mu da muka zo birnin da aka zana a takarda kafin a gina shi za mu koma baya da su?

Ta fuskar addini kuwa, ga Malam Liman nan zaune, idan mun kauce ya gyara mana. Abin da muka koya a Islamiyya tun muna yara, babin tsarki shi ne farko a Ahalari da Ishmawi, kuma malamai ba sa wuce shi sai sun koyar da ladubban biyan buƙata. Suturce al'aura wajibi ne. Ya zo a hadisi ingantacce, Buhari da Muslim duk sun kawo shi, cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce kaburbura biyu ana yi wa masu su azaba, ya bayyana cewa ɗayansu ba ya kiyaye kansa wajen fitsari, ɗayan kuma annamimanci yake yi. An kuma hana yin bayan gida a kan hanyar mutane ko inuwar da suke hutawa. Cikin Suratun Nur, aya ta 58, har yaran gida an umurce su da neman izini a lokuta uku kafin su shiga wa iyayensu. To idan ɗan cikinka sai da izini zai shigo ɗakinka da tsakar rana, ina ga lebura ko mai wucewa da zai hango iyalinka a wurin da ya fi ko'ina tsiraici?

Akwai masu tambaya game da alƙibla, tunda masan da aka dasa an riga an dasa shi, ba mu muka zaɓi inda ya fuskanta ba. Daga Abuja alƙibla tana gabas ne maso arewa. Malamanmu na Malikiyya sun bambanta tsakanin fili da gini: a fili babu shamaki, an hana fuskantar alƙibla ko juya mata baya; a cikin makewayin da aka gina kuwa akwai sauƙi. Kun ga ke nan ko ta nan aka bi, kewayewar ita ce maganin damuwar.

Yanzu bari mu faɗi wanda abin ya fi ci, domin ba mu maza ba ne. Namiji da asuba ya fice, akwai gidan wanka na biya a kasuwa, akwai na masallaci, akwai na tasha. Mace ce da 'yan mata suke yini a wurin. Idan ana aiki a saman bene, leburori na hawa da sauka da kwanon siminti tun safe har la'asar, to ita fa ba za ta kewaya ba. Sai ta riƙe. Don kada ya matsa mata, sai ta rage shan ruwa, a zafin Maris da Afrilu na Abuja. Ma'aikatan lafiya sun sha faɗa cewa riƙe fitsari da ƙarancin shan ruwa suna jawo ciwon mara da na mafitsara. Daga baya a yi ta sayen maganin sanyi a kyamis, kuɗin da da an haɗa shi da ya sayi ƙofa biyu. Mai ciki fa? Mai jego fa? Yarinyar da ta fara al'ada fa, da wa za ta yi wannan magana? Iyayenmu mata na can baya sun san abin da muke nufi, sun ma fi mu sani.

Idan dare ya yi kuma sai a fita bayan gini ko cikin ciyawa. Nan ga maciji da kunama, ga kuma mutumin banza. Kwamiti ya taɓa zaman sulhu kan wata rigima da ta kusa zama ta ƙabilanci: wani yaro ma'aikaci yana tsaye a kan matakalar da ba a yi wa bango ba, 'yar mai gadi na wanka a ƙasa bayan buhu. Shi ya rantse aiki ya kai shi wurin, uban ya ɗauko gora. Ƙarshenta mai ginin ya ce ba ya son fitina, ya sallami mai gadin. Aiki ya tafi, wurin kwana ya tafi, a kan abin da falle huɗu na kwano zai hana.

Yara ƙanana kuwa ba su iya riƙewa, sai a ba su leda ko a tsugunar da su a bakin kwata. Ruwan sama ya zo ya kwashe ya kai rafin da wasu ke ɗiba. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan bisa lissafin hukumar NCDC, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Abuja na cikin wuraren da ta taɓa. Binciken gwamnatin tarayya da UNICEF na wannan shekarar ya ce 'yan Nijeriya kimanin miliyan 48 ne ke bayan gida a fili. A watan Nuwamba na 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta ce a kawo ƙarshen wannan ɗabi'a kafin 2025. Ba a cim ma ba, aka ɗaga wa'adin zuwa 2030. Amma ku lura, jihar da ta fara samun shaidar kawar da ita gaba ɗaya, a 2022, Jigawa ce. Mutanen Haɗeja da Gumel da Kazaure da ke cikin wannan taro, garuruwanku sun yi, ku kuna birnin tarayya kuna rataya buhu. Mu da muka ga zamanin Idiagbon, lokacin da duba-gari ke shiga gida ya buɗe randa ya leƙa masai, mun san da a wancan lokaci ne da tuni an ci wasu tara. Ko yau ma hukumar kare muhalli ta Abuja, AEPB, tana da ikon kama mutum kan ƙazanta. Ga kuma sunanmu a bakin maƙwabta. Mu baƙi ne a ƙasar Gwari, muna zaune da kowace ƙabila, mutum guda ya yi abin kunya sai a ce Hausawa ne.

To mu zo ga gyara, don ba faɗa muka zo yi ba.

Kafin ƙusa ɗaya ta shiga, a nemi izinin mai gini. Mai gadi amana aka ba shi. Bulon da ke jibge a fili da katakon da aka cire daga dekin dukiyar wani ce, ɗauka ba da izini ba cin amana ne ko da don sutura aka ɗauka. A gaya masa a gaban shaida, a nuna masa cewa abin da za a kafa ana iya cire shi cikin awa guda ranar da maginansa suka dawo. Yawancin masu gini ba sa hanawa idan suka ji haka, wani ma ya ce a ɗebi tsohon katakon. Abin da ba za a yi ba ko da wasa shi ne fasa ginshiƙi ko sassaƙe shi har rodi ya fito don a sami wurin kafa katako. Ɗakin ƙasa shi ke ɗauke da duk nauyin da ke sama. Mun ga yadda gine-ginen da ba a gama ba suka rufta a Jabi a 2018 da Kubwa a 2022, aka yi asarar rayuka. Kada hannunmu ya taɓa abin da ke riƙe da gini.

Sannan a tabbatar masan nan yana da inda yake zubarwa. Wannan ya fi kewayewar muhimmanci, kuma shi ake mantawa. Sau da yawa an dasa shi amma ba a haƙa ramin shadda ba tukuna, bututun ya fita bayan gini ya tsaya. A zuba bokitin ruwa biyu, wani ya zagaya ya ga inda ya ɓulla. Wani lokacin kuma ramin yana nan, amma yana sama da ɗakin ƙasa, alhali ruwa ba ya hawa tudu. Ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi sai ƙazanta ta dawo ciki. Idan haka ne, kada a wahalar da kai wajen kewaye shi. A toshe bakinsa, a haƙa masai na gargajiya a waje, can nesa da rijiya, ma'aikatan lafiya kan ce a ba da tazarar mita 30 inda fili ya yarda.

Idan kuwa yana tafiya daidai, aikin rabin yini ne. Tunda galibi a kusurwa yake, bango biyu sun samu, saura biyu. Kafinta zai haɗa firam da katako tu-bai-tu ko tu-bai-tiri, ya tokare shi tsakanin daɓe da dekin da 'yan guntayen katako, ya tsaya kyam ba tare da an huda komai ba. A rufe da langa-langa ko filawud. Mu dai langa-langa muka fi so, ko tsoho ne, domin ɗakin ƙasa ba ya rabo da laima, filawud kuwa damina ɗaya ya kumbura ya ɓare. A ɗora ƙafafun katakon a kan bulo ko dutse kada su sha ruwa, a shafa musu baƙin mai saboda gara. Duk waɗannan akwai su a kasuwar kayan gini da ta katako a Dei-Dei, kuma 'yan'uwanmu ne da yawa a ciki. Wanda mai gini ya ba shi bulo, yana iya jera mai inci shida, amma kada a yi jeri mai tsawo babu siminti a gidan da ke da yara, zai iya faɗo musu.

Tsawo ya kai ƙafa bakwai. A bar 'yar tazara a ƙasa, kamar faɗin tafin hannu, don ruwan wanki ya wuce, a bar wata a sama don iska. Amma kafin a ce an gama, mutum ya hau matakala, ya hau saman bene, ya zagaya ta tagogin da ba a sa wa gilashi ba, ya duba da idonsa. Yawancin waɗanda suka kewaye gefe kawai suke tunawa, alhali a kango daga sama ake hange. Idan ana gani daga sama, a yi masa rufi ko da na tamfol ne.

Labule ba ƙofa ba ne, jama'a. Iska na ɗaga shi, yaro na yaye shi, kuma da dare idan aka shiga da fitila ko tocilan, inuwar mutum gaba ɗaya takan fito a jikinsa kamar majigi, wanda ke waje yana kallo, na ciki bai sani ba. A yi ƙofa mai sakata ta ciki. Ko guntun robar tsohuwar taya aka buga da ƙusa yana riƙe ƙofar kwano. Zana tana da kyau a waje, amma a ɗakin ƙasa kusa da murhu haɗari ce.

Wanda bai da halin ƙofa kuma, ya koma ga dabarar kakanni: karya kwana. A ƙara shamaki ɗaya a gaban mashiga, mai shiga ya bi ta gefe sannan ya juya. Wani abin sha'awa, a ƙasar Zimbabuwe cikin shekarun 1970, wani masani mai suna Peter Morgan ya fito da irin masan da ake kira Blair, wanda ƙungiyoyin lafiya suka yaɗa a Afirka. Wani samfurinsa ba shi da ƙofa sam, bangon ne ke nannaɗewa kamar dodon koɗi. Sai bututun iska da ya zarce rufi, an ɗaure masa raga a baki: wari ya bi ta sama, ƙuda ya bi haske ya hau bututun ya maƙale a raga ya mutu. Duniya ta yaba masa, kuma ya cancanta. Mu dai da muka ga hoton sai muka ce, ai wannan shigifa ce. Duk wanda zai haƙa masai a waje, ya sa wannan bututun mai inci huɗu, zai ga bambanci.

Na cikin ɗaki kuwa, kada a toshe shi ruf. Idan akwai taga a kusa, a ja shamakin ya haɗa da ita, a sa mata raga. A riƙa zuba ruwa isasshe, domin ɗan ruwan nan da ke kwanciya a wuyan masai shi ne ke tare warin rami. In ya bushe, duk ɗakin zai ɗauka. A ajiye buta da sabulu ko toka a bakin ƙofa. Murhu da kwanukan abinci su koma ɗaya ƙarshen. Tunda maganar iska ta zo, mu ƙara da wannan: janareto ko gawayi mai ci a ɗakin ƙasa da dare yana kashe mutane cikin barci, hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari. A fitar da su waje.

Saura kuɗi. Mu 'yan kasuwa ne, mun san yadda siminti da kwano suka tashi tun bayan cire tallafin mai a 2023, ba za mu ce abu ne mai arha ba. Amma mun shiga ɗakunan da muka ga faranti na tauraron ɗan'adam a kan dekin, ga waya mai tsada a hannun mai gida, ga buhu a makewayi. Irin wannan ba talauci ke damunsa ba. Wanda kuwa da gaske ba shi da shi, don irinsa aka kafa ƙungiya. Kwamiti na roƙon shugabanni su yarda a ware wani abu daga asusun taimako, masu sayar da kwano da katako a cikinmu su kawo na hannu da suka ajiye, kafintocinmu su ba da yini guda a wata. Waɗanda suka gina nasu suka tare kafin a gama, su kuma ba su da uzurin mai gini, domin su ne masu ginin. Mun ga wanda ya yi wa gaban gida fenti ya sa get, makewayin iyalinsa na nan da zane. Masu ba da hayar ɗakuna a cikinmu ma su ji: ɗaki takwas, masai ɗaya, ƙofarsa ta cire tun bara, kuɗin haya kuwa ba ya latti.

Game da zagayen da za a yi, wasu sun nuna damuwa cewa tonon asiri ne. Ba za a karanta sunan kowa a taro ba. Maza ba za su shiga ba sai mai gida na nan, kuma iyaye mata biyu daga ɓangaren mata su za su fara shiga su tambayi matan gida, domin abin da mace za ta gaya wa 'yar'uwarta ba za ta gaya wa mijinta ba, balle mu. Wanda yake so a fara da shi, ko ya san wani ɗan'uwa da ke cikin wannan hali, ya ga sakatare a keɓe bayan an tashi. Masu kwano da katako kuma su tsaya, za mu rubuta abin da kowa zai iya kawowa.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira.